Ragi, Gyara da Garaɓasa: Yadda Nake Juya Kuɗin Cefane a Kano

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, babu gidan da lissafin cefanensa bai birkice ba. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira dubu 70 a 2024, amma duk wadda ke ɗora tukunya ta san wannan kuɗin ba ya kai gida mai yara tsakiyar wata. Shi ya sa idon kowa ya koma kan ragi. Kanti ya liƙa takarda ya ce ya karya farashi, manhajar waya ta turo saƙo ta ce ga garaɓasa, mai shago ya ce sayi biyu a ƙara miki ɗaya. Ni malamar firamare ce, mu bakwai ne a gida, kuma maigida yana damƙa min kuɗin cefane ne a farkon wata, sauran ya rage nawa. Abin da na tsaya a kai shi ne: ragi yana amfani ne kawai idan ya faɗo a kan abin da dama za ki saya, kuma kin san farashinsa na gaskiya kafin a ce an rage. In babu waɗannan biyun, kuɗinki aka karɓa da dabara, kina murna.

Don haka kafin maganar kowace garaɓasa, ki samu littafi. Irin na 'yan makaranta mai rahusa ya isa. A shafi ɗaya ki jera abin da gidanki ba ya wata ba tare da shi ba: shinkafa, masara ko gero, wake, taliya, man gyaɗa, manja, sukari, gishiri, magi, omo, sabulun wanka, gas ko gawayi. A gaban kowanne ki rubuta nawa kuke ci a wata, da farashin da kika saya na ƙarshe, da ranar, da wurin. Kada ki rubuta farashin leda ko na kwalba kawai. Ki rubuta na awo: kwano nawa, kilo nawa, lita nawa. Nan ne duk wayon yake.

Ga misali da lambobin da na ɗauko don lissafi kawai. A ce omo mai kilo ɗaya naira 2,700 ne. A gefensa ga wani an manna masa jar takarda, an soke 2,800 an rubuta 2,400. Hannu zai tafi can da kansa. Amma juya ledar ki duba nauyi, sai ki ga giram 850 ne. Ki raba: giram ɗari na mai ragin ya kama kusan naira 282, na wancan da ba a yi wa ado ba kuwa 270. Wayarki tana da kalkuleta, ba abin kunya ba ne ki tsaya a tsakiyar kanti ki danna. Kamfanoni da yawa yanzu ba sa ƙara kuɗi kai tsaye, sai su rage abin da ke ciki su bar leda yadda take. Madarar gari da omo da biskit ɗin yara su ne na fi kamawa da wannan.

Idan ba kya fita kasuwa, littafin ya ma fi yi miki amfani. Ki kwafe wa maigida ko ƙaninki jerin kayan da farashin ƙarshe a takarda, ki ce in ya wuce haka da yawa ya kira ki kafin ya biya. Maza da yawa ba sa son jan ciniki, ana faɗa musu kuɗi sai su zaro, wai kada a raina su.

Ragi mafi girma yana cikin kalanda

Duk takardun ragin da kantunan Kano za su liƙa a shekara, in an haɗa su, ba su kai abin da za ki samu ba idan kika sayi hatsi da kaka. Daga Oktoba zuwa Disamba sabon gero, masara, dawa da wake suna shigowa, manomi yana buƙatar kuɗin biki da biyan bashin taki, farashi ya sauko. Daga Yuni zuwa Agusta kuwa rumbu ya yi ƙasa, sabon amfani bai iso ba, lokacin ne kwano ke tsada. Wanda ya sayi abincin wata shida ko takwas da kaka ya huta da wannan hawan.

Kasuwar Dawanau da ke kan hanyar Katsina ita ce uwar hatsi, har daga Nijar da sauran ƙasashe ake zuwa sari. Kasuwannin ƙauye masu ci mako-mako sukan fi ta sauƙi wani lokacin, irin Dambatta ranar Lahadi ko Wudil ranar Juma'a, amma sai kin sa kuɗin mota a lissafi. Ga abin da nake gaya wa duk wanda zan aika. Buhu babba yana ɗaukar wajen kwano arba'in, amma kada a yarda da baki: a zazzage, a auna a gabansa, da kwanon da ya yarda da shi, domin akwai kwanon da aka bubbuge gindinsa. Zazzagewar kuma ita ke nuna abin da ke ƙasan buhu, don sama kullum kyakkyawa ce, tsakuwa da ƙaiƙayi a ƙasa suke kwana. Ya ɗauki ƙwayar masara ya ciza. In ta fashe da ƙara ta bushe, in ta lotsa akwai danshi, kuma danshi nauyi ne da za ki biya kuɗinsa sannan ya zame miki fumfuna a ɗaki. Ya tambayi la'adar dillali da kuɗin dako tun kafin a ɗaure buhu, ba bayan an ɗora a mota ba.

Sayen da yawa ba ya zama riba sai kin iya ajiya. Wake ne ya fi ba da wahala. Ki shanya shi sosai, ki bari ya huce, ki zuba a jarkar man girki da aka wanke ta bushe ƙarau, ki cika ta har wuya, ki sa leda a baki ki ɗaure murfin tam. Ƙwaro ba ya rayuwa inda babu iska. Akwai kuma buhun PICS mai ninki uku, leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro saboda wake, ana samunsa wajen masu kayan noma. Duk lokacin da kika buɗe kin shigar da iska, don haka gara jarkoki ƙanana da yawa a kan babba ɗaya. Maganin ƙwari kuwa, irin wanda wasu ke yayyafawa a abinci, kada ya shigo miki gida da sunan tattali. Abin da yara za su ci ne. Buhunan hatsi kuma a ɗora su a kan katako, kada su taɓa siminti ko bango.

Sai dai gargaɗi ɗaya. Ki sayi na ci, ba na jiran tsada ba. A 2025 farashin masara da gero ya sauko bayan kaka maimakon ya hau, waɗanda suka tara don su sayar suka tafka asara. Mai ajiyar abincin gidanta ko farashi ya faɗi ba ta yi kuka sosai ba, tuwonta dai za ta tuƙa. Wadda ta ci bashi ta cika ɗaki ita ce ta shiga uku.

Kayan miya kalandarsu daban ce. Tumatir da tattasai da attaruhu suna arha da sanyi zuwa farkon bazara, wajen Janairu zuwa Maris, lokacin da na noman rani daga Kadawa da Kura ke cika kasuwar Yankaba. Da damina ta kawo kai sai su yi tashin da ba a magana. Lokacin arhar nake sayen kwando, in yanka in shanya a kan tabarma mai tsabta a rufe da yadi mara kauri saboda ƙuda da ƙura. Wani kuma in markaɗa, in dafa har ruwan ya ƙone, in zuba a kwalabe masu murfin ƙarfe, in sake tafasa kwalaben a ruwa. Ban dogara da firiza ba, kowa ya san halin wutarmu. Albasa ma haka, da rani ake sayenta a baza a wuri mai iska.

Sukari da man girki da gero na kunu, ki saye su tun Rajab ko farkon Sha'aban. Atamfa da shaddar yara ta Sallah, ki shiga Kantin Kwari kafin azumi, ki kai wa tela tun bai fara ɗaga hanci ba. A goman ƙarshe kuɗin ɗinki kaɗai ya isa ya cinye duk ragin da kika samo a wata uku.

Sari da haɗin gwiwa

Katan ɗin taliya a kasuwar Singa ya fi sauƙi a kan sayen ɗai-ɗai a shagon unguwa, wannan kowa ya sani. Abin da ake mantawa shi ne kuɗin zuwa. A ce ragin da za ki samu a katan naira 1,500 ne, adaidaita sahu zuwa da dawowa da ɗan dako sun ci 2,500. In katan ɗaya kika je saya, gara ki zauna a gida. Dabarar ita ce a haɗu. Mu huɗu ne a layinmu, kowace ta rubuto abin da take so, mu tara kuɗi, mutum ɗaya ya je, a raba kuɗin mota. Buhun sukari, jarkar mai mai lita 25, katan ɗin sabulu, duk a rabe. Sharaɗinmu biyu ne: kuɗi a hannu kafin a tafi, rabo kuma a gaban kowa da kwano ɗaya. Bashi ne ke kashe irin wannan haɗin, daga "zan cika miki gobe" zumunci ya fara tsami.

Nama ma haka muke yi gab da azumi da ƙaramar Sallah, a yi watanda, a sayi sa a yanka a kasa kashi-kashi. Wanda ya taɓa shiga ya san bambancinsa da tsayawa gaban mahauci.

Amma akwai abin da ba na saya da yawa ko an rage: abin da idan yara suka gan shi a tare zai ƙare da wuri. Katan ɗin indomi ko na lemon kwali ba ya kai lokacin da kika lissafa masa. Madara ma in gwangwanin babba ne, cokalin da ake ɗiba da shi girma yake yi. Irin waɗannan ko dai a kulle a ɗaki ana fitowa da na mako, ko a ci gaba da sayen kaɗan-kaɗan.

Ciniki

A kasuwa ragi a bakinki yake. Ki fara da sallama da gaisuwa, ki tambayi kasuwa, kada ki faɗa wa mutum da "nawa ne" kamar kin zo karɓar bashi. Ki zaga rumfa uku kafin ki taya. Kada ki nuna kin ƙwallafa rai. In ya faɗi kuɗi, ki ce, "Alhaji, a duba dai, da yawa zan ɗauka." In kika taya ya ce albarka, ba faɗa ba ne, ƙofa ce ya bari a buɗe. Ki ƙara kaɗan. In ya tsaya, ki ce Allah ya ba da kasuwa ki juya a hankali. Mai niyyar sayarwa zai ce, "Hajiya, zo ki kawo kuɗin." In bai kira ba, to kin san kin taɓo uwar kuɗi, ki koma ba tare da jin nauyi ba.

Idan farashi ya ƙi motsi, ki nemi gyara. Ɗan kasuwa ya fi son ya ƙara miki albasa uku ko ya tula kwano a kan ya rage naira ɗari biyu, saboda maƙwabcinsa yana saurare kuma ba ya son a ce ya karya kasuwa. Kayan da ke lalacewa, irin ganye da tumatir da lemo a 'Yan Lemo, sun fi saukowa da yamma lis, don mai su ba ya son su kwana. Sai dai abin da kika saya da yamma, ki yi aikinsa a daren.

Riƙe mutum ɗaya ma ragi ne, ko da ba a rubuta ba. Mai kayan miyan da na saba da shi yakan ce min, "Malama, kada ki sayi attaruhu yau, jibi mota za ta sauka." Wannan maganar ta fi min jar takardar kanti. Amma lokaci-lokaci ki leƙa wani wuri ki ji farashi, don sabo yakan sa a daina yi miki ragi ana ganin ba inda za ki.

Wajen da ba na jan ciniki shi ne gaban tsohuwa mai kuka da daddawa, ko yarinya mai tallan gyaɗa. Ribarsu duka nawa take? Naira hamsin ɗin da zan ƙwata a can ba za ta gyara min wata ba, ita kuwa wataƙila ita ce cefanenta. Ƙarfin baki a kai shi inda ake cinikin buhu da katan.

Kantuna da waya

A Amurka takardar ragi tsohuwar al'ada ce, ana yanko ta daga jaridar Lahadi a kai kanti. Mu nan ba ta zo mana ta jarida ba, ta waya ta shigo: lambar da za ki rubuta a manhaja a cire miki wani abu, ko 'yan kuɗin da ake maido miki in kin sayi kati ko kin biya wuta ta OPay ko PalmPay, ko ragin watan Nuwamba da Jumia da manyan kantuna ke yi. Ina amfani da su, amma da ƙa'ida.

Abin da nake so a Nuwamba, tun Satumba nake ɗaukar hoton farashinsa in ajiye. In lokacin ya zo na ga tsohon farashin da aka soke ya fi wanda ke hotona, na san an hau ne don a sauko. Ki kuma duba kuɗin kawowa kafin ki yi murna, don sau da yawa shi ke haɗiye ragin. Lambar ragi kuma kusan kullum tana da sharaɗi, wai sai sayayyarki ta kai kaza. In abin da kike buƙata na dubu takwas ne, aka ce sai ya kai dubu goma sha biyar za a cire miki dubu ɗaya, ki bar musu dubu ɗayarsu.

A kanti, kayan da aka tara a bakin ƙofa da ragi mai yawa, ki fara duba ranar lalacewarsu da lambar NAFDAC. Ba laifi ba ne sayen abin da saura wata biyu, in kin tabbata za a cinye kafin nan. Gwangwanin da ya kumbura ko ya yi tsatsa kuwa ko kyauta ne a bar shi. In kin zo biya, idonki a kan na'ura, sannan ki karanta rasit kafin ki fita. Yakan faru farashin kan kanta daban, na wajen biya daban. A 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta taɓa rufe wani babban kanti a Abuja a kan wannan. In kin ga haka, ki nuna wa masu kantin cikin ladabi, ki ce a biya ki bambancin ko a karɓi kayan.

Data kuma, tun da aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025, sayen ta kullum-kullum ya zama ɓarna. Ki sayi ta wata, ki kashe sabuntawa da kanta, ki duba ko garaɓasar da aka ba ki ta dare ce kawai ko mai ƙarewa a kwana biyu.

Gasar "sayi ka ci mota" ba tattali ba ce. In dama kina shan abin, ki duba murfin, ba komai. Amma ƙara saye don a shiga ƙuri'a, wannan ya kama hanyar caca. Haka "karɓi yanzu ki biya daga baya": ki tambayi jimillar abin da za ki biya, in akwai ruwa a kai kin san hukuncinsa, kin kuma san ragin ya tafi. Sai saƙonnin da ke yawo a WhatsApp, wai wani kamfani yana rabon kyauta saboda cikarsa shekara kaza, danna nan ki tura wa mutum ashirin. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Duk wanda ya nemi lambar sirrin katinki, ko BVN, ko lambar da banki ya turo miki yanzu-yanzu, ɓarawo ne, ko da ya kira sunanki daidai.

Inda rarar take zuwa

Wannan ne wurin da yawancinmu ke faɗuwa. Kin yi ciniki kin rage dubu biyu, kin dawo gida da su a jaka, kafin Magariba sun tafi a awara da kati da "Umma ba ni ɗari". A ƙarshen wata ki rasa inda ƙoƙarinki ya shiga. Abin da nake yi shi ne, ranar da na dawo kasuwa nake zama da littafi, in ga abin da na ware da abin da na kashe, bambancin in cire shi daga jakar cefane a take. Ko asusun katako mai ƙusa, ko wani asusun banki da ba ni da katinsa. In canji ne na naira ɗari uku ma haka.

Daga nan nake zubin adashe. Kuma tun ranar da za a fara, nake roƙon uwar adashe ta sa kwasata ta faɗo a Nuwamba, ko da zan zama ta kusa da ƙarshe. Masu biki da masu kuɗin makaranta sun fi son Satumba da Disamba, don haka ba a cika yi min gardama ba. In adashen ku ya riga ya fara, ki nemi wadda kwasarta ta faɗo da kaka ku yi musaya, ki sanar da uwar adashe a gaban shaida. Kuɗin na shigowa, kafin wani anko ya ji labari, a aika Dawanau.